Kantin Wiwi Da Ƙofar Makaranta: Wa Ke Da Ikon Shata Iyaka?

'Yan'uwana ɗalibai, a ƙasarmu doka ta haramta tabar wiwi, kuma ba na fatan ranar da za a halatta ta. Amma a Amurka akwai jihohin da suka halatta sayar da ita ga wanda ya kai shekara 21, ko da yake dokar tarayya ta 1970 ta sa ta cikin haramtattun abubuwa. Jihohin Colorado da Washinton ne suka fara a 2012, Kalifoniya ta bi sahu a 2016. Da aka yi haka sai wata gardama ta taso: idan jiha ta ce a sayar, wa zai faɗi inda za a kafa kanti? Gwamnatin jiha ce, ko kuwa ƙaramar hukuma?

Ni dai a ganina ƙaramar hukuma ce ta cancanta. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan majalisar jiha suna can babban birni, ba su san lungun da yara ke bi in an tashi daga makaranta ba. Kansila kuwa a unguwar yake kwana, kuma in abu ya ɓaci ƙofar gidansa za a yi wa tsinke. Dama can aikin ƙaramar hukuma ne ta tsara gari, ta ce nan gidajen kwana, nan kasuwa, can masana'antu. Wadda ke da ikon hana a gina mayanka a tsakiyar unguwa, don me za a hana ta cewa uffan a kan kantin wiwi?

Kalifoniya ta yarda da wannan. Tun a 2013 babbar kotun jihar ta yanke hukunci cewa birnin Riverside yana da ikon hana kantunan wiwi na magani ta hanyar dokarsa ta tsarin gari. Dokar 2016 ma ta bar wa ƙananan hukumomi wannan iko. Mai son buɗe kanti sai ya sami lasin na jiha, ya kuma sami yardar garinsu. Da aka soma ciniki a 2018, fiye da rabin ƙananan hukumomin jihar suka ƙi yarda a buɗe kanti a ƙasarsu.

To, masu suka suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa garin da ya hana kanti bai hana shan wiwi ba, sai dai ya bar kasuwa ga masu sayarwa a ɓoye, waɗanda ba sa tambayar shekarun yaro, ba sa kuma biyan haraji. Suna ba da misali da Colorado Springs, birni mai mutum kusan rabin miliyan, wanda ya ƙi kantunan masu sha don nishaɗi har shekara goma. Maƙwabcinsa Manitou Springs, ɗan ƙaramin gari mai mutum wajen 5,000, ya yarda tun 2014. Mutanen birni suka riƙa hawa mota suna zuwa can su saya, haraji yana shiga baitulmalin maƙwabta.

Duk wannan gaskiya ne. Amma mu dubi yadda aka ƙare. A watan Nuwamba na 2024 mutanen Colorado Springs suka jefa ƙuri'a suka sake shawara, aka soma sayarwa a 2025. Ko shawarar ta yi mini daɗi ko ba ta yi ba, su suka yanke ta da kansu bayan sun ga abin da ya gudana a maƙwabta, babu wanda ya tilasta musu daga sama.

Sai dai akwai wuri guda da nake ganin dokar Kalifoniya ta yi sake. Ta ce kada a kafa kanti a ƙasa da ƙafa 600, wato yadi 200, daga makaranta ko gidan renon yara. Amma kuma ta ba ƙaramar hukuma dama ta sake wannan awo, ko ta ƙara ko ta rage. A nan ne nake jin tsoro. Garin da baitulmalinsa ya bushe, in aka kwaɗaita masa haraji, zai iya matso da kanti kusa da makaranta. Alhali kuwa masana sun nuna cewa ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama nuna ba sai ya haura shekara 20, kuma wiwi ta fi yi wa mai ƙananan shekaru lahani. Yadi 200 ɗin ma nawa yake? Tafiyar minti uku ce ba ta cika ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, jiha ta kafa iyakar da ba mai taɓa ta. Ƙaramar hukuma ta sami ikon ƙara nisa, ta taƙaita yawan kantuna, ta sa lokacin rufewa, ko ta hana ɗungum. Amma kada a ba ta ikon rage ko taku ɗaya daga ƙofar makaranta. Manya su ne ke jefa ƙuri'a, su ne kuma ke karɓar haraji. Yaran da ke bin hanyar nan safe da yamma ba su da ƙuri'a, don haka wajibi ne doka ta tsaya musu.