Ciwon kai da fargabar ƙari a ƙwaƙwalwa: Tsakanin tsoro da sakaci a Kano

Ranar 8 ga watan Yuni ce aka keɓe kowace shekara domin wayar da kan jama'a game da ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa, al'adar da wata ƙungiya a Jamus ta assasa a shekarar 2000. A Kano ranar kan zo ta wuce ba tare da mutane da yawa sun ji ɗuriyarta ba, amma fargabar cutar kullum tana nan. Duk wanda ya saba bin titin da ya ratsa gaban Asibitin Koyarwa na Muhammad Abdullahi Wase, wanda aka fi sani da Asibitin Nasarawa, zai ga yadda asibitocin kuɗi da cibiyoyin ɗaukar hoton jiki suka yawaita a unguwar Nasarawa GRA da kewayenta. Daga cikin masu zuwa wuraren akwai waɗanda ciwon kai ya hana sakat, suka bincika alamominsa a waya, intanet ta ambata musu ƙari, barci ya ƙaurace wa idanunsu.

A ɗaya gefen kuma akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da ya shafe wata shida yana haɗiyar ƙwaya safe da yamma, bai taɓa zama gaban likita ba. Na farko tsoro ya yi masa yawa, na biyu kuma sakaci, kuma dukkansu suna tafka asara, ɗaya ta kuɗi, ɗaya ta lokacin da ba ya dawowa.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kusan kashi 40 cikin 100 na al'ummar duniya, wato mutum biliyan 3.1, sun yi fama da wani nau'i na ciwon kai. Ita kuwa cibiyar binciken kansa ta hukumar ta ƙiyasta sababbin masu kansar ƙwaƙwalwa da laka a 2022 da kimanin 320,000 a duniya baki ɗaya. Idan aka ajiye adadin biyu gefe da gefe, za a ga cewa a cikin dubban masu ciwon kai da wuya a samu guda mai ƙari.

Mafi yawan ciwon kai na gajiya ne da damuwa, wanda mai shi ke ji kamar an ɗaure masa kai da rawani mai matsewa, sai kuma ciwon ɓarin kai, wanda ke zuwa da tashin zuciya da ƙin haske, kuma ya fi kama mata. A Kano akwai ƙarin dalilai na yau da kullum: zazzaɓin cizon sauro a damina, zafin Maris da Afrilu da ƙarancin shan ruwa, ƙurar hunturu da ke toshe hanci, hayaƙin janareta a shagon da ba iska, rashin barci, da ido mai buƙatar tabarau.

Hawan jini na da nasa sha'anin. Mutane da yawa sun ɗauka ciwon kai ne ke sanar da su jininsu ya hau, alhali yawanci hawan jini ba ya nuna wata alama sai ya yi tsanani. Wanda yake jiran kansa ya yi ciwo kafin ya sha maganinsa yana iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki.

Lokacin da magani ya zama cuta

Akwai wani nau'in ciwon kai da ba a cika magana a kansa ba, wanda maganin ciwon kan ne da kansa ke haddasa shi. Likitoci sun tabbatar da cewa wanda yake shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon sama da wata uku, zai iya faɗawa ciwon kai na kullum. Ga magunguna irin su tiramadol da kodin, kwana 10 a wata sun isa. Da ƙarfin ƙwayar ya sauka ciwon ya dawo, sai a ƙara wata, a haka mutum zai yi ta zagaye a wuri ɗaya.

Wannan batu ya shafi Kano kai tsaye. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda ake shansa, musamman a Arewa. A 2024 kuma hukumomi sun matsa wa dillalan magani na Sabon Gari su koma sabuwar kasuwarsu ta Dangwauro domin a samu sa ido. Duk da haka, kemis na bakin layi shi ne asibitin farko ga galibin mutane. Illar hakan biyu ce: mai ƙaramin ciwo ya mayar da shi babba, mai babban ciwo kuma ya danne alamominsa har lokaci ya ƙure.

Alamomin da ba a wasa da su

Ƙari a ƙwaƙwalwa ba kasafai yake bayyana da ciwon kai kaɗai ba. Abin da likitoci ke dubawa shi ne sabon ciwon da ya bambanta da wanda mutum ya saba, yana ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, yana zuwa da amai, ko yana tsananta idan an yi tari ko an sunkuya, kamar a ruku'u da sujada. Sauran alamomin su ne raunin hannu ko ƙafa a ɓangare ɗaya, sarƙewar harshe, gani biyu-biyu ko raguwar gani, tangaɗi a tafiya, da sauyin hali ko mantuwar da iyali suka lura da ita. Haka nan sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50, ko wanda ya taɓa yin kansar mama ko ta huhu, abin bincike ne, domin kansa kan yaɗu zuwa ƙwaƙwalwa daga wani sashe na jiki.

Alama mafi muhimmanci, wadda kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta a ƙasar Hausa, ita ce farfaɗiyar da ta fara ga baligin da bai taɓa yin ta ba. Sau da yawa iyali kan danganta ta da iska ko sammu, a shafe watanni ana neman taimako a gida. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, kuma magidanci ko matar aure da suka faɗi suna jijjiga karo na farko suna buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma yanayi biyu da ba a kwana da su a gida. Na farko, ciwon kai mai tsananin da ya sauka farat ɗaya kamar an buga guduma, wanda kan nuna fashewar jijiyar jini. Na biyu, ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Kanawa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma jihar na cikin yankin da cutar ke tashi a lokacin rani.

Ba kowane ƙari ne kansa ba

Da yawa daga cikin ƙarin da ake samu a kai ba kansa ba ne. Wanda ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa yana girma a hankali, ya fi yawa ga mata, kuma sau da yawa tiyata na raba mutum da shi. Wanda ke fitowa a 'yar halittar da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki kan tsayar da jinin al'ada, ya kawo ruwan nono ba goyo, ya hana haihuwa, wasu ire-irensa kuma ƙwaya kawai ke shawo kansu. Matar da ake yi wa gorin rashin haihuwa tana iya kasancewa da abin da ke da magani.

Game da wayar salula, wadda 'yan kasuwa ke wuni da ita a kunne, wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, aka fitar a 2024, bai gano alaƙa tsakaninta da kansar ƙwaƙwalwa ba.

Inda gizo ke saƙar

Kano ba ta rasa kayan aiki gaba ɗaya ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma a harabarsa akwai cibiyar gwaje-gwaje da hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA, ta gina. A watan Janairun 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da cibiyar kula da masu kansa a Giginyu. A Sakkwato ma akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo. Sai dai ƙwararrun ba su da yawa idan aka kwatanta da miliyoyin da ke zuwa daga Jigawa da Katsina har da Jamhuriyar Nijar. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara biyar.

Sai batun kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Mafi ƙarancin albashin da Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, kuma hoton MRI guda a cibiyar kuɗi na iya lashe shi. Asusun tallafa wa masu kansa da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ma'aikacin jiha na da tsarin taimakekeniyar lafiya na KSCHMA, amma akasarin 'yan kasuwa ba su cikin kowace inshora, duk da dokar 2022 da ta wajabta ta ga kowane ɗan ƙasa.

Saboda haka matakin da ya fi araha shi ne wanda aka fi tsallakewa, wato zama gaban likitan da zai saurari tarihin ciwon, ya auna jini, ya gwada ƙarfin gaɓoɓi, ya haska cikin ido da 'yar na'urar da ke nuna ko matsi ya ƙaru a cikin kai. Wannan binciken na mintuna kaɗan ne ke tantance wanda ke buƙatar hoton CT ko MRI da wanda ke buƙatar barci da tabarau. Idan gwamnatin jiha ta wadata asibitocin unguwanni da wannan na'ura, ta horar da ma'aikata kan alamomin haɗari, ta kuma tsara hanyar tura marasa lafiya kai tsaye ga ƙwararru, za a rage masu kashe albashinsu a hoton da ba su buƙata, a kuma rage masu isa asibiti bayan gani ya tafi. Shugabannin kasuwanni su ma suna da rawar takawa wajen shigar da mambobinsu inshora a ƙungiyance.

Ga mai fama da ciwon kai, shawarar likitoci ita ce ya riƙa rubuta ranakun da ciwon ke zuwa da adadin ƙwayar da ya sha na tsawon wata guda, ya tafi da takardar asibiti. Idan kuwa ɗaya daga cikin alamomin da aka lissafa ta bayyana, kada ya jira watan ya cika.