Idan faifai na biyu ya tsaya

A makon jiya wani ƙanena da ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoma a Tabla ya kira ni, muryarsa na rawa. Akwatin da suke ajiye sunayen mambobi da bashin iri ya ƙi buɗewa. Faifai huɗu ke cikinsa, biyu sun kunna jar fitila, kuma an ba shi shawara ya danna maɓallin sake gini. Na ce masa ya kashe na'urar nan take.

Wannan tsari sunansa RAID, sunan da Patterson da Gibson da Katz na jami'ar Berkeley a Amurka suka yaɗa a 1988. Nau'in RAID 5 lissafi ne da kowane manomin Kurfai zai gane. Rumbuna uku na da dami 40, 25 da 30, aka rubuta jimilla 95. In ɗaya ya ƙone, jimilla za ta bayyana abin da ke cikinsa. In biyu suka ƙone, ba ta da bakin magana. RAID 6 ne ke jure rashin biyu.

Mutuwar biyu ba abin mamaki ba ce. Rana ɗaya aka saye su, tare suka sha zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a ƙasar Filinge, da ƙura, da ɗaukewar wuta. Sau da dama na farko ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya kula. Sake gini kuwa yana tilasta wa sauran su karanta kowane lungu nasu, a nan mai rauni ke faɗuwa.

Aikin ceto haƙuri yake so. A sa wa kowane faifai lambar raminsa kafin a zare shi. A kwafe shi ɗungurungum a kan sabo da manhajar ddrescue, wadda ke tsallake wuraren da suka lalace ta dawo musu daga baya. A kan kwafin kaɗai ake gwaji: a gano jerin faifan, da girman yankan da aka raba bayanai da shi, da wanda ya fara ficewa. Wannan na ƙarshe shi ne tarkon, domin bayanansa sun tsufa. In aka haɗa da shi, takardun za su fito a hargitse. Faifan da ke ƙas-ƙas kuwa kada a sake kunna shi, kada kuma a buɗe shi sai a ɗakin ƙwararru marar ƙura.

Na ƙanena ya zo da sauƙi. Wani masani a Yamai ya kwana biyu yana kwafi, aka haɗa faifai uku, lissafin ya dawo, ban da bashin damina ɗaya. Shi kuma a littafin ma'ajin ƙungiyar aka same shi, rubuce da biro.