Kira Ga Malamai A Kan Kuɗin Jinyar Masu Taɓin Hankali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na ƙasar Bagudo, da Illo, da Kaoje, har bakin iyakar Benin, ku saurara.

Bara aka kawo mini wani yaro wanda ya sauke Alƙur'ani a hannuna, da mari a ƙafarsa, yana amsa muryoyin da babu mai jin su sai shi. Na yi masa addu'a kwana bakwai, sa'an nan na ce a kai shi asibiti, gama neman magani ba ya warware tawakkali. Ubansa ya sayar da san nomansa.

To, ku dubi inda kuɗin ya tafi. Asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya yana Kware, gaba da Sakkwato. Sai an bi ta Jega da Tambuwal, ga majinyaci, ga mutum biyu masu riƙe shi, alhali kuɗin mota ya hau tun janye tallafin fetur a 2023. Ga kuɗin gado, ga abincin mai jinya, ga gona an bar wa ciyawa. Yaron ya sami sauƙi ya komo. Amma maganin wannan cuta ba irin na zazzaɓi ba ne, watanni ake sha, wani ma shekaru. Kuɗin sa ya ƙare, aka daina saye, ciwo ya tashi, mari ya koma ƙafa. Mai baƙin ciki mai tsanani kuwa, wanda ya bar ci da magana, ba a ma kai shi, don ba ya dukan kowa.

An sanar da sabuwar dokar kare haƙƙin waɗannan bayin Allah a Janairu 2023, maimakon ta 1958. Madalla, sai dai doka ba ta biya wa talaka kuɗin mota. Magabata sun riga mu: Sarki Mansur Ƙalawun ya gina asibiti a Alƙahira a 1284 Miladiyya, har da sashen mahaukata, wakafi ke biyan magani da abinci.

Saboda haka muna roƙon kowane masallacin Juma'a ya ware rabo daga zakkar gero da shinkafa ta bana, tun da yawancinsu fakirai ne. Liman ya riƙe sunayensu a asirce, a riƙa ba waliyyin kowane majinyaci wata-wata, daidai kuɗin magani da na mota. Malamin da aka kawo wa irin wannan kuma, kada ya karɓi akuyar da ya kamata a sayar a sayi magani. Ni na fara da buhun gero guda.

Haza wassalam.