Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo da kakar albasa ya san Allah bai rage wa ƙasar nan komai ba. Ga gulbin Rima, ga fadama, ga madatsar ruwa ta Goronyo wadda aka gama a 1984, mai iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ga shinkafa da tafarnuwa da albasa, tun daga Rabah har Wurno. To, ina masana'antun da ya kamata su tsaya a kan wannan arziki?

Mu a ganinmu, abin da ya rage shi ne wurin bincike. Ɗan kasuwa ba ya zuba dukiyarsa don ya ga ruwa da ƙasa kurum. Yana so ya san wane iri ne ke jure ajiya, wace cuta ce ke kama ganye, kuma in ta kama wa zai tambaya kafin gona ta ƙare. Inda ake amsa waɗannan tambayoyi, can kuɗi ke sauka.

Mu dubi maƙwabtanmu na Nijar. Galmi ƙaramin gari ne a yankin Tawa, kuma ƙasarsa ba ta fi tamu albarka ba. Amma masana aikin gona sun ɗauki albasar manoman wurin, suka yi ta zaɓe suna tace irin, har ya tsaya da suna da kama guda. Yau ɗan kasuwar Akara ko Abijan ya san albasar Galmi, kamfanonin iri kuma suna sayar da ita da wannan suna. Tamu kuwa manomi kan tara ta a rudu, zafi da laima su cinye wani kaso, sauran ya sayar da araha don gudun asara.

Wani zai ce ai akwai cibiyoyin bincike a Arewa. Gaskiya ne. Ta Samaru tana nan tun 1922, ta shinkafa tana Badeggi, kuma daga can irin FARO 44 ya fito, wanda manomanmu suka rungume. Amma daga Sakkwato zuwa Samaru kusan kilomita 400 ne, damina da ƙasar can kuwa ba irin namu ba ne. Manomin Rabah da ganyen albasarsa ya fara ƙonewa ba zai jira amsa daga Zariya ba.

Ba kuma daga tushe za mu fara ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar aikin gona, tana da cibiyar binciken makamashi tun 1982, inda aka ƙera na'urorin busar da amfanin gona da zafin rana. Abin da muke nema shi ne Gwamnatin Jiha da jami'a da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su haɗa kai, su kafa tashar gwaji a bakin fadamar Wurno: gonar iri, ɗakin auna ƙasa da ruwa, da rumbunan gwajin ajiya, ƙofarta a buɗe ga manomi da falke. Mu ɗalibai kuma mu ɗauko batun binciken kammala digirinmu daga bakin manoma, mu mayar musu da sakamakon cikin Hausa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya kafa garin ne ya tara malami da manomi da mai sana'a wuri guda. Jikokinsa ba su da hujjar raba su. Allah ya ba shugabanninmu ikon ji, mu kuma ya ba mu ikon aikatawa, amin.