A Kama Ɓera, Kada A Ƙone Rumbu

'Yan'uwa manoma, jirgi maras matuƙi kamar wuƙa yake, aikinsa sai hannun da ya riƙe shi. A 2018 ya sa an rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, tafiyar mutum wajen 140,000 ta lalace. A Barno kuwa, 'yan ta'adda sun kai wa soja hari da shi a 2024. Don haka mun yarda gwamnati ta ba da kuɗi a ƙera na'urar kakkaɓo shi. Amma a tuna, a 2022 irinsa ya fara kai magani asibitocin karkara a Jihar Kaduna. Na'urar da za a ƙera da harajinmu, lalle ta iya bambanta ɓarawo da ɗan aike.