A Abuja Wurin Shaƙatawa, a Kano Gidan 'Yan Iska?

Ɗaurin auren wani abokina ne ya kai ni Abuja kwanakin baya. Da aka shafa fatiha aka watse, sai wani ɗan ajinmu na foli da ke aiki a can ya ce wallahi ba zan koma Kano ba sai ya zaga da ni gari, don kada in je in ce na zo Abuja alhali iyakacina tasha da masallaci. Dutsen Zuma dai na riga na gan shi tun a hanya, wajen Madalla, ya tokare sama kamar yadda yake a jikin takardar naira 100. Muka fara da Babban Masallacin Ƙasa mai ƙubbar ruwan zinare, muka bi ta Dandalin Eagle, ya nuna mini Dutsen Aso daga nesa, ya ce kada in kuskura in ɗaga waya a wajen nan. Muka shiga lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, muka ƙare a bakin tafkin Jabi inda amare da angwaye ke hawa kwalekwale ana ta ɗaukar su hoto.

Gari kam ya yi kyau, ba ni da ja. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai a tsakiyar birnin, wato ƙwarangwal ɗin hedikwatar Laburaren Ƙasa da aka ba da kwangilarsa tun 2006. Ku marubuta, wannan taku ce, na bar muku. Ni abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne bayan sallar isha'i.

Abokin nawa ya san sana'ata, don haka ya ce bari mu rufe da kallon fim. Muka shiga wani katafaren kanti, matakala mai tafiya da kanta ta hau da mu bene, sai ga silima. Sanyin na'ura, kujeru masu laushi, ƙamshin gugguru ko'ina. Kuɗin tikiti da guggurun mutum ɗaya kuwa, a unguwarmu cefanen gida ne na kwana biyu. Muna cikin layi sai na ji ana Hausa a bayana, Kananci tsantsa. Ina waiwayawa sai na yi arba da wani dattijo na layinmu, da uwargidansa da 'yan matansa uku, kowacce riƙe da kwalin gugguru.

Mai karatu, wannan bawan Allah ba baƙo ba ne a wurina. Shi ne wanda in an zauna a majalisa bayan magariba, ba ya kiran ɗan fim da wani suna sai "waɗancan 'yan iskan". A 2016, lokacin da aka yi ta cece-kuce kan alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, har aka fasa, shi ne ya fi kowa ɗaga murya a unguwa. Da kunnena na ji ya ce gara a gina makabarta.

Na rusuna na ce, "Baba Alhaji, barka da dare."

Ya ɗan yi turus, sannan ya ce, "A'a, ɗan gidan Malam, kai ne a nan? Wallahi yaran nan ne suka matsa mini." Da ya ga ban ce komai ba sai ya ƙara da cewa, "Ai ka san nan daban ne. Wuri ne na mutunci."

Wannan magana ta "nan daban ne" ita ta hana ni fahimtar fim ɗin da muka shiga kallo. Har aka tashi ina juya ta. Me ya bambanta? Duhun dai shi ne, allon shi ne, maza da mata kuma ga su nan a jere kafaɗa da kafaɗa, abin da ko a mafarki ba a yi a silimun Kano yadda ake yi a nan ba. Bambancin da na iya gani ɗaya ne tak: talaka ba zai iya shigowa ba. Ashe mutuncin a kuɗin tikiti yake.

Ni ɗan Fagge ne, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ci zamanin silima ba. Wutsiyarsa na tarar. Sau ɗaya tak Baffana ya saci jiki da ni ina ɗan firamare, kuma dukan da na sha a gida daren nan ya fi fim ɗin zama a ƙwaƙwalwata. Amma na tuna sararin sama a buɗe, taurari a kanmu, hasken na'ura ya ratsa hayaƙin taba ya faɗa a kan wani makeken bango, da yadda ɗaruruwan mutane suka miƙe tsaye da ihu lokaci guda sa'ad da jarumi ya iso. Sauran kuwa daga bakin Baffa na ji su. Shi zai jero maka su kamar yana jan carbi: Plaza da Wapa a nan Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, Rex da Eldorado ta wajen Sabon Gari, Queens, Palace a cikin gari, Marhaba a Farm Centre. Ya san daren da ake sa Indiya da daren da ake sa Canis. Dharmendra a bakinsu Sarkin Ƙarfi ne, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Ya ce ya kalli Sholay har ya daina ƙirgawa, kuma bai taɓa jin kalma ɗaya ta Indiyanci ba, amma zai ba ka labarin daga farko har ƙarshe.

Yau je ka nemo su. Inda ba a rushe ba an yanka shi shaguna. Palace ma dai ta yi sa'a, asibiti aka mai da ita. Sauran sai suna, sunan ma na kwatance ga mai adaidaita.

In ka tambayi dattawa wa ya kashe silimun nan, amsa ɗaya ce a bakinsu: zamani. Wai bidiyo ya zo, kowa ya koma ɗakin matarsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ban yarda ita ce duka gaskiyar ba. In da gaske mutanen Kano sun daina son taruwa su yi kallo, wa ke cika gidajen kallon ƙwallo? Babu unguwar da ba ta da rumfar kwano da benci, inda samari ke matsuwa kamar kifin gwangwani, cikin zafi da ƙarar janareta, su biya kuɗinsu don Arsenal da Barcelona. Kuma da aka buɗe silimar zamani a kantin Ado Bayero da ke titin Zoo a 2015, ai mun ga yadda aka yi cincirindo a kan Mansoor na Ali Nuhu a 2017. Sha'awar ba ta mutu ba. Wurin da mai ƙaramin ƙarfi zai kai ta ne aka rasa.

Gaskiyar magana, tun fil azal ba mu taɓa karɓar silima a matsayin tamu ba. 'Yan kasuwar Labanan ne suka kawo ta, Rex ta buɗe a 1937, kuma a wajen ganuwa aka ajiye ta, can cikin baƙi. Wasu ma dodon bango suke ce mata. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya a 1951 ta ci mutum 331, maimakon a tsaya a kan tambayar ƙofofi nawa ginin yake da su da kuma yadda aka yi mutane suka kasa fita, sai gari ya ɗauka cewa azaba ce ta sauka a kan masu saɓo. Shekara ɗaya bayan haka aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni, aka yi ta tsine wa wurin. Daga nan muka gaji wannan hali na shiga da daddare mu zaga da safe. Attajiran da ke da kuɗin gina silima mai kyau sun ji kunyar a ce nasu ce. Gwamnati ta karɓi haraji ta kau da kai. Iyaye sun hana 'ya'yan kirki zuwa. To wurin da mutanen kirki suka ƙaurace wa, wa kake tsammanin zai gaje shi?

A nan zan yi wa masu suka adalci, don ba na son a ce na mai da silima masallaci. Baffa da kansa ya ce ana shan wiwi a kujerun baya, 'yan daba na zare wuƙa a kan layi, mata masu zaman kansu na tsayawa a bakin ƙofa, kuɗin cizo kuma sai ya raka ka gida. Duk an yi. Amma ana sata a Kantin Kwari, ban ji an ce a rufe shi ba. Ana shaye-shaye a tashoshin mota, ban ga an yanka su shaguna ba. Abin da ya lalace gyara shi ake yi: a sa rufi, a sa fitila, a sa masu tsaro, a ware ɓangaren mata, a nuna fim da rana. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a Disambar shekarar, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Wannan ita ce babbar damar da aka samu ta a ce ga yadda silimar Musulmi za ta kasance, a fitar da tsari, a taimaka wa masu ita su bi. Sai ƙarfin ya tafi a kan hani da kame. Mai gini kuwa ɗan kasuwa ne. Ya duba ya ga yana zaune a kan fili mai tsada a tsakiyar Fagge, ana zaginsa a mumbari, 'yan kallo na raguwa, ga masu neman shago na bin sa da kuɗin shekara biyu a hannu. Ko kai ne me za ka yi?

Abin dariya kuma abin takaici, Saudiyya da muke kafa hujja da ita a kan komai ta buɗe gidajen silima a Afrilun 2018 bayan fiye da shekara 30 a rufe, ta fara da Black Panther a Riyad. Tun 2021 kuma ana bikin baje kolin finafinai na duniya a Jidda. Ban ce duk abin da Saudiyya ta yi daidai ne ba. Cewa na yi masu kafa hujja su nemi wata.

Ku kuma 'yan fim, kada ku yi murmushi, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. A zamanin su Sangaya da Wasila, furodusa kan kai fim ɗinsa silima ya ɗan mai da wani abu kafin kaset ya shiga kasuwa. Da kuɗin kaset da na faifai suka zauna, kowa ya manta da silima, ana ta sakin fim kashi na ɗaya da na biyu da na uku kamar ana suyar ƙosai. An sayi motoci, an yi gidaje, an je Umara. Mutum nawa ne a cikin manyan industiri suka haɗa kuɗi suka ce bari mu sayi ɗaya daga cikin gine-ginen nan kafin a rushe? Da masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai, sai aka waiwaya, babu wurin komawa. Yau kowa ya koma fim mai dogon zango a YouTube, yana roƙon a danna masa ƙararrawa. Darakta zai ɓata mako guda yana gyara haske da sauti, a ƙarshe a kalli aikinsa a fasasshiyar waya a cikin adaidaita. Masana'antar da ta fara da Turmin Danya a 1990 ta haura shekara 30 ba ta da ɗakin kanta a garin da ya haife ta.

Ga wani abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka tsinto faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, Jamusawa suka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Turawa sun zauna a kujera sun kalli Shaihu Umar a babban allo. Mai karatu, a cikin abokanka mutum nawa ne suka gan shi haka? In ma an kawo shi Kano gobe, a ina za a nuna wa ɗan Kurna da ɗan Ɗorayi a kuɗin da aljihunsu zai ɗauka?

Don haka ni ba silimar bene mai gugguru nake roƙo ba, masu ita sun san inda suke samun ta. Ƙaramin zaure nake nufi a unguwa, mai kujera 200 ko 300, da rufi da fanka, da ɓangaren iyali, a nuna fim bayan la'asar a tashi kafin magariba, a kuɗin da bai fi na kallon ƙwallo da yawa ba. Hukumar tacewa ta duba fim ɗin, Hisba ta tsaya a ƙofa in ta ga dama. MOPPAN ta daina jira sai an kama wani sannan a ji muryarta, ta ɗauki wannan a matsayin aikinta. Sannan ko ɗaki ɗaya ne a ware a Gidan Makama, a tattara tsofaffin fastoci da tikiti da na'urar haska fim, a naɗi muryar irin su Baffa tun suna raye. Shi kuma Baba Alhaji ba na neman komai a wurinsa illa ya zaɓi ɗaya: ko ya faɗi a majalisa abin da ya faɗa mini a layin tikiti, ko ya bar yaran a gida.

Da na dawo Kano na bi ta Wapa. Sunan nan gajarta sunan wani kamfanin jigilar alhazai ne, amma yanzu duk Nijeriya da canjin kuɗi aka san wurin. Na tsaya wajen wani matashi sa'ana da ke kaɗa damin kuɗi a bakin titi, na ce, "Abokina, don Allah me ya sa ake kiran wajen nan Wapa?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Haka muka taso muka ji. Malam, dala ce ko riyal?"