Jirgin Yaƙi Da Ƙurar Hanya

Ya ku malamai da fataken Birnin Kudu da Gwaram, ga wani zance abin lura.

A zamanin yaƙin Hitila, tun daga shekarar 1940, Ingilishi sukan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su can. Daga nan su tashi su sauka Ikko, Kano, Maiduguri, Fashir da Hartum, har Masar. Galibinta hanyar da alhazanmu suka daɗe suna bi a ƙasa ke nan.

Cikinsu akwai Hurricane. Injinsa, Merlin, silinda 12 gare shi, ƙarfinsa ya zarce na doki 1,000, ruwa ke sanyaya shi. Bindigogi 8 ke cikin fikafikansa, yana keta mil 300 cikin sa'a guda. Amma duk da wannan ƙarfi, ƙura ta zame masa abokiyar gaba, don in ta shiga inji sai ta cinye shi. Tilas aka ɗaura masa matata ƙarƙashin hanci, ta rage masa gudu, ta tsare ransa.

To, jama'a, ashe bindiga ba ta isa fagen fama sai da hannun makaniki. Don haka muke kira ga malamai, kada su raina wannan sana'a. Almajiri in ya sauke, a bar shi ya koyi inji. Fatake masu manyan motoci kuwa su ɗauki nauyin koyonsa, gama motarsu ma ƙurar nan take sha. Wanda ya mallaki inji bai san cikinsa ba, aro ya yi.